Charity Adams Earley: kusan shekara 4 cikin kaki, fiye da shekara 50 a hidimar jama'a

Ranar 29 ga watan Afrilu na 2025, majalisar dokokin Amurka ta miƙa lambar zinari, wadda ita ce babbar karramawar da take bayarwa, ga bataliyar soja mai lamba 6888. Matan da suka yi aiki cikin wannan bataliya a lokacin yaƙin duniya na biyu kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya kafin wannan rana. Iyalan shugabarsu, Laftanan-Kanal Charity Adams Earley, su ne suka karɓi lambar a madadinsu, shekara 80 bayan aikin da ake yaba musu a kai.

Galibin masu ba da labarin wannan baiwar Allah sukan tsaya ne kan watannin da ta yi a Turai a 1945. Sai dai ta yi shekara 83 a duniya, kuma zamanta cikin kaki bai cika shekara 4 ba. Sauran rayuwarta ta tafi ne tsakanin aji, ofis, gidan aure, renon ƴaƴa, majalisun gudanarwa na kamfani da na makaranta, da kuma aikin sa kai. Shi ya sa tarihinta ya zama abin dubawa ga duk mai son ya gane abin da ke samun mace bayan ta tuɓe kaki, da abin da ke sa ƙasa ta ci moriyar irin waɗannan mata ko ta yi asararsu.

Ɗiyar masu ilimi a ƙasar wariya

An haifi Charity Edna Adams ranar 5 ga watan Disamba na 1918 a Kittrell, wani ƙaramin gari na jihar Carolina ta Arewa, ta kuma tashi a Columbia, babban birnin Carolina ta Kudu. Ita ce ƴar fari cikin ƴaƴa huɗu. Mahaifinta fasto ne a cocin Methodist na baƙaƙen fata da ake kira AME, mahaifiyarta kuma malamar makaranta ce. A gida ta fara karatu, har ya zamana ranar da aka kai ta makaranta sai aka sa ta aji biyu kai tsaye.

A wancan zamani, doka ce ta raba farar fata da baƙar fata a kudancin Amurka. Makaranta daban, asibiti daban, wurin zama cikin jirgin ƙasa daban, hatta famfon shan ruwa daban. Makarantun baƙaƙen fata su ne ke samun ƙaramin kaso na kuɗin gwamnati, malamansu kuma albashinsu bai kai na takwarorinsu farare ba. Cikin wannan hali Charity ta ƙare makarantar sakandare ta Booker T. Washington a 1934, ta fi kowa maki a ajinsu. Wannan ya ba ta damar samun tallafin karatu, ta zaɓi jami'ar Wilberforce da ke jihar Ohio, wadda aka kafa tun 1856, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙaƙen fata na ƙasar.

A 1938 ta fito da digiri a fannin lissafi, fiziks da harshen Latin, tare da darussan tarihi. Ta koma Columbia ta yi shekara huɗu tana koyar da lissafi da kimiyya. Idan an yi babban hutu kuwa, sai ta wuce jami'ar jihar Ohio tana bin darussan digiri na biyu a fannin ilimin halayyar ɗan Adam. Wannan ilimi shi ne jarin da ta shiga soja da shi, kuma shi ne ta tarar yana jiran ta ranar da ta fito.

Yadda ta shiga soja

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disamba na 1941, Amurka ta shiga yaƙi, ta kuma ga cewa maza kaɗai ba za su wadatar ba. A watan Mayu na 1942 aka kafa rundunar mata masu taimaka wa sojan ƙasa, WAAC, domin su riƙe ayyukan ofis, tuƙi, sadarwa da ajiyar kaya, maza su tafi fagen daga. An danƙa shugabancinta ga Oveta Culp Hobby. An tsaida cewa baƙaƙen fata ba za su wuce kashi 10 cikin 100 na rundunar ba. A rukunin farko na masu koyon aikin hafsa, gurbi 40 aka ware musu cikin 440, shi ma sai da fitacciyar malamar nan Mary McLeod Bethune ta tsaya tsayin daka.

Charity tana cikin wannan rukuni. Ta isa barikin Fort Des Moines na jihar Iowa a watan Yuli na 1942, tana da shekara 23. Tun ranar farko aka ware su gefe guda, ɗakin kwana daban, teburin cin abinci daban. Ranar 29 ga watan Ogusta aka ɗaura musu igiya, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta samu muƙamin hafsa a rundunar.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin zai yi tasiri nan gaba. A farko, matan WAAC ƴan taimako ne kawai, doka ba ta ɗauke su cikakkun sojoji ba, saboda haka ba su da haƙƙin da soja yake da shi idan ya ji rauni ko ya bar aiki. Sai a 1943 aka maida rundunar cikakken ɓangare na soja da sunan WAC. Daga nan ne matan suka shiga sahun waɗanda za a kira tsofaffin sojoji bayan yaƙi. A wannan shekara ce Charity ta kai muƙamin manjo, wanda a tsarin sojan Nijar ya yi daidai da kumandan, tana kula da horar da sababbin shiga. Jimillar matan Amurka da suka sa kaki a wannan yaƙi ta kai wajen 350,000, baƙaƙen fata na rundunar WAC kuma wajen 6,500.

Wasiƙu miliyan 17

A ƙarshen 1944, Amurkawa kimanin miliyan 7 ne ke fagen yaƙin Turai, sojoji da ma'aikatan agaji da na gwamnati. Rundunoni suna ta matsawa gaba, ana sauya wa mutane wuri, wasu suna asibiti, wasu sun mutu. Wasiƙu da ƙunshin kaya da iyalai ke aikowa suka taru jibge a manyan ɗakunan ajiya na birnin Birmingham a Ingila, wasu sun fi shekara ba su isa hannun masu su ba. Ga sojan da ke cikin rami yana jiran labarin matarsa ko na tsohuwarsa, rashin wasiƙa na karya zuciya, kuma manyan hafsoshi sun san haka.

Aka kafa bataliya ta 6888, mata 855, aka ba Manjo Adams jagorancinta tana da shekara 26. Ita ce bataliyar mata baƙaƙen fata guda ɗaya tilo da aka tura ƙetare a duk tsawon yaƙin. Sun tsallaka tekun Atlantika cikin jirgin ruwa mai suna Île de France, suka sauka Glasgow a watan Fabrairu na 1945, daga nan jirgin ƙasa ya kai su Birmingham. Abin da suka tarar ya isa ya sa mutum ya juya: ɗakuna masu sanyi ba wutar ɗumama, tagogi a rufe da baƙin fenti saboda jiragen yaƙin Jamus, ɓeraye kuma sun yi kaca-kaca da ƙunshin abincin da ya lalace.

An ba su wata shida. Malamar lissafi sai ta maida abin lissafi. Ta raba matan rukuni uku, kowane rukuni awa takwas, dare da rana, kwana bakwai a mako. Suka riƙe katuna wajen miliyan 7, kowane kati da sunan mutum, lambarsa ta soja da rundunar da yake, ana gyara shi duk lokacin da aka sauya masa wuri. Lambar ce ke raba gardama, domin masu suna Robert Smith kaɗai sun kai 7,500. Idan adireshi bai cika ba, sai a bi diddigi ta abin da ke cikin ƙunshin. Idan mai wasiƙa ya mutu, sai a maida ta ga wanda ya aiko. Kowane rukuni yana tace wajen wasiƙu 65,000 kafin ya tashi. Idan aka ninka wannan sau uku a yini har tsawon wata uku, za a samu adadin nan na miliyan 17 da ake yawan ambata. Cikin wata uku suka gama aikin wata shida.

Bayan yaƙin Turai ya ƙare a watan Mayu na 1945, aka kai su Rouen a Faransa, inda wani tarin ke jiran su, sannan Paris a watan Oktoba. A Faransa ne uku daga cikinsu, Mary Barlow, Mary Bankston da Dolores Browne, suka rasu cikin haɗarin mota a watan Yuli. Abokan aikinsu ne suka yi karo-karo aka yi musu sutura. Suna kwance a maƙabartar sojojin Amurka ta Colleville-sur-Mer a Normandi.

Inda ta ja daga

Bataliyar ta riƙe kanta da kanta: masu dafa abinci, masu gyaran mota, masu gadi, duk matan ne. Amma yaƙin da shugabarsu ta fi sha shi ne na cikin gida. Wata rana wani janar ya zo duba dakaru, ya tarar ba duka suka fito fareti ba. Manjo Adams ta bayyana masa cewa wasu suna bakin aiki, wasu kuma suna barci bayan aikin dare. Janar ya ce zai turo wani ƙaramin hafsa farar fata ya nuna mata yadda ake riƙe bataliya. Ta mayar masa cikin ladabin soja cewa hakan ba zai yiwu ba sai dai bayan ranta. Ya yi barazanar gurfanar da ita gaban kotun soja, ita ma ta shirya ƙararsa bisa karya umarnin da ya hana hafsoshi furta kalaman da ke rura wutar wariya. Daga ƙarshe kowa ya janye.

Haka ta yi da ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda a nan aka fi sani da Croix-Rouge. Ƙungiyar ta tanadi wani masauki na daban a Landan domin sojoji mata baƙaƙen fata idan sun zo hutu, don kada su haɗu da farare. Adams ta nemi matanta su ƙaurace masa, suka kuwa ƙaurace.

A watan Disamba na 1945 aka ƙara mata girma zuwa laftanan-kanal. Wannan shi ne iyakar muƙamin da mace za ta iya kaiwa a rundunar, in ban da shugabar WAC ita kaɗai. A farkon 1946 ragowar matan suka koma gida, aka rushe bataliyar a Fort Dix na jihar New Jersey. Ba fareti, ba jawabi, ba lambar yabo ta musamman.

Komawa gida, komawa aji

An yi mata tayin aiki a hedkwatar soja ta Pentagon, ta zaɓi ta bar soja a watan Maris na 1946. Abu na farko da ta yi shi ne ƙarasa karatun da yaƙi ya katse: a wannan shekara ta karɓi digirinta na biyu a jami'ar jihar Ohio.

A lokacin, akwai wata doka da ta sauya rayuwar miliyoyin mazan jiya a Amurka, wadda aka fi sani da GI Bill. Shugaba Franklin Roosevelt ne ya sa mata hannu ranar 22 ga watan Yuni na 1944. Dokar ta tanadi abu uku: biyan kuɗin makaranta har dala 500 a shekara tare da kuɗin abinci na wata-wata, tsayawar gwamnati ga wanda zai ci bashin banki don sayen gida, gona ko buɗe sana'a, da kuma dala 20 a mako har tsawon mako 52 ga wanda bai samu aiki ba. Kafin 1956, tsofaffin sojoji kimanin miliyan 7.8 sun yi karatu ko koyon sana'a ta wannan hanya. Tun da an maida WAC cikakkiyar rundunar soja, matanta ma dokar ta shafe su.

Sai dai a kan takarda ne dokar ba ta bambanta launi ba. Aiwatar da ita yana hannun bankuna, makarantu da ofisoshin jihohi, su kuwa a kudu suna nan kan wariyarsu. Wani bincike da mujallar Ebony ta yi a 1947 cikin garuruwa 13 na jihar Mississippi ya nuna cewa, cikin basussuka 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, guda 2 kacal suka je hannun baƙaƙen fata.

Charity Adams ta san wannan tsari daga ciki, domin aikinta na farko bayan soja shi ne a hukumar kula da tsofaffin sojoji da ke Cleveland, inda take duba takardun masu neman kuɗin karatu da sauran haƙƙoƙi. Wadda jiya take neman soja da sunansa don ta ba shi wasiƙarsa, yau tana duba takardarsa don ya samu haƙƙinsa. Daga nan ta koma harkar ilimi, ta riƙe ofishin kula da ɗalibai a kwalejin Tennessee A&I da ke Nashville, sannan a kwalejin Georgia State da ke Savannah, dukansu makarantun baƙaƙen fata.

Aure da haihuwa: abin da doka ta hana a haɗa

A 1949 ta auri Stanley Earley, wanda ke karatun likita a ƙasar Suwis. Ta bi shi birnin Zurich. A can ma ba ta zauna hannu rabbana ba: ta koyi Jamusanci, ta bi darussa a jami'ar Zurich da kuma cibiyar nazarin halayyar ɗan Adam mai ɗauke da sunan Carl Jung. A 1952 suka koma Amurka, suka kafa gida a Dayton na jihar Ohio, inda mijin ya yi aikin likita. Allah ya ba su ƴaƴa biyu, Stanley da Judith.

Wanda ya dubi jerin shekarun zai ga cewa komai ya zo ne bi da bi: karatu, soja, aiki, aure, haihuwa, sannan hidimar gari. Akwai hannun doka a cikin wannan jeri. Tun lokacin da aka kafa WAAC, macen da ke da yaro ƙasa da shekara 14 ba ta da damar shiga, wadda kuma ta samu ciki tana cikin kaki sai a sallame ta. A 1948 aka yi dokoki biyu masu muhimmanci, ɗaya ta ba mata gurbi na dindindin a soja, ɗaya kuma, wadda Shugaba Harry Truman ya sa wa hannu ranar 26 ga watan Yuli, ta yi umarnin kawo ƙarshen wariyar launi a rundunoni. Amma kan batun uwa, ƙofa ta ci gaba da zama a rufe. A 1951 Truman ɗin ya sa hannu kan wani umarni mai lamba 10240, wanda ya ba soja ikon sallamar duk macen da ta yi ciki, ta haihu, ko ta ɗauki riƙon yaro. An ci gaba da aiki da shi har tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ma'aikatar tsaro ta sauya manufa, wata kotun tarayya kuma ta yanke hukunci a 1976 cewa irin wannan kora ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Ma'anar wannan a fili take. A zamanin Charity Adams, mace mai irin ƙwarewarta dole ta zaɓa tsakanin kaki da zanen goyo. Soja ya horar da dubban mata, ya kashe kuɗi a kansu, sannan ya riƙa sallamar su a daidai shekarun da suka fara nuna gwaninta. Ita da ta fita da digiri biyu a hannu ta samu inda za ta kai basirarta. Da yawa daga cikin waɗanda suka fita ba takardar shaida sun koma gida shiru, har wasu ƴaƴansu ba su san irin aikin da iyayensu suka yi ba sai bayan shekaru.

Kujerar kamfani da aikin gayya

Dayton gari ne na masana'antu, garin ƴan'uwan nan Wright da suka ƙera jirgin sama, kuma a can aka cimma yarjejeniyar da ta tsaida yaƙin Bosniya a 1995. Baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga kudu don neman aiki sun taru ne a yammacin birnin, inda gidaje da makarantu suka fi lalacewa. A 1966 tarzoma ta ɓarke a wannan yanki, sai a 1970 garin ya samu magajin gari baƙar fata na farko, James McGee. Cikin wannan gari Charity Earley ta yi renon ƴaƴanta, a cikinsa kuma ta shafe sauran rayuwarta tana aiki.

Hanyarta zuwa harkar kasuwanci ta bi ne ta majalisar gudanarwa, wato abin da ake kira conseil d'administration da Faransanci. Ta zauna a majalisar gudanarwa ta Dayton Power and Light, kamfanin da ke ba yankin wutar lantarki. Irin wannan majalisa ita ce ke naɗa shugaban kamfani, ta amince da kasafi, ta duba littafin kuɗi, ta yanke shawara kan manyan ayyuka. A lokacin, kujeru ne da kusan fararen maza kaɗai ke zama a kansu. Abin da ake nema ga mai zama a nan shi ne iya karanta alƙaluma, sanin halin mutane, da ƙarfin zuciyar cewa a'a idan ta kama. Duka ukun ta zo da su daga aji da kuma Birmingham.

Ta kuma zauna a majalisar hukumar samar da gidaje masu sauƙin kuɗi ta Dayton, da ta kwalejin Sinclair, makarantar da ma'aikata da ƴaƴan talakawa ke samun ilimi mai zurfi cikin rahusa, da ta gidan wasan opera na birnin. Ta yi aikin sa kai a United Way, wadda ke tara gudummawa don ƙungiyoyin jinƙai, da asusun tallafa wa kwalejojin baƙaƙen fata, da Urban League, da ƙungiyar mata ta YWCA. Wani abin lura shi ne, ta kai ga zama cikin majalisar ƙoli ta Red Cross ta Amurka, ƙungiyar da ta ƙaurace wa masaukinta na wariya a Landan. Wadda jiya take ƙorafi daga waje, yau tana cikin masu yanke shawara.

A 1982 tana cikin waɗanda suka kafa wani shiri na horar da shugabanni baƙaƙen fata a Dayton, domin a koya wa masu tasowa yadda ake tafiyar da taro, yadda hukumomin gari ke aiki, da yadda ake shiga majalisun da ake yanke shawara. Ta san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kujera ɗaya da aka ba mutum ɗaya tana iya tafiya tare da shi. A 1989 ta wallafa littafin tarihin zamanta a soja mai suna One Woman's Army, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjojin da masu bincike ke dogaro da su kan wannan bataliya. Ta rasu a Dayton ranar 13 ga watan Janairu na 2002.

Yabon da ya zo a makare

Jihar Ohio ta karrama ta tun tana da rai: ta shiga jerin fitattun matan jihar a 1979, da na fitattun tsofaffin sojoji a 1993. Amma yabon ƙasa baki ɗaya ga bataliyar ya ɗauki lokaci. Sai a watan Nuwamba na 2018 aka gina musu dutsen tunawa a Fort Leavenworth na jihar Kansas. Ranar 14 ga watan Maris na 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar ba su lambar zinari. A ƙarshen 2024 kuma Tyler Perry ya fitar da fim a kansu a Netflix, inda Kerry Washington ta fito a matsayin Charity Adams.

Wannan jinkiri ba baƙon abu ba ne ga iyalai da dama a Nijar. A yaƙin nan guda, a ƙasar Faransa guda, akwai dakarun Afirka ta Yamma da ake kira tirailleurs sénégalais, ko da yake ba ƴan Senegal kaɗai ba ne, har da ƴan Nijar a cikinsu. Suna cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence a watan Ogusta na 1944. Wata doka ta ƙarshen 1959 ta daskarar da kuɗin fanshonsu, ya zamana suna karɓar ɗan abin da bai kai na takwarorinsu Faransawa ba. Sai bayan fitowar fim ɗin Indigènes a 2006, da hukuncin majalisar tsarin mulkin Faransa na 2010, aka daidaita kuɗin, lokacin da galibinsu sun riga sun kwanta dama. A ɓangarorin biyu, an jira har masu haƙƙi suka kusa ƙarewa.

Matan da suka biyo baya

A yau tsofaffin sojoji mata a Amurka sun kai kimanin miliyan 2, wato kusan ɗaya cikin kowane goma na mazan jiyan ƙasar. Tun ƙarshen 2015 aka sanar da buɗe wa mata dukkan ayyukan soja, har da na fagen daga. Tun farkon 2023 kuma, sojan da ya samu ƙaruwa, mace ko namiji, yana da hutun mako 12. A fannin kasuwanci, ƙidayar 2012 ta nuna cewa kamfanoni da sana'o'in da tsofaffin sojoji mata suka mallaka sun haura 380,000, kuma jami'ar Syracuse tana gudanar da wani shiri mai suna V-WISE don koya musu kafa sana'a. A siyasa, Tammy Duckworth, matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu da ta rasa ƙafafunta biyu a Iraƙi a 2004, ta zama sanata ta farko da ta haihu tana kan kujera a 2018, har majalisar dattawa ta gyara ƙa'idarta don a iya shiga zaure da jariri.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Wasu matan sukan fito daga soja da yara a hannu, ba gida ba aiki. Wannan ne ya sa wata tsohuwar soja, Jas Boothe, wadda ita kanta ta taɓa rasa matsuguni tare da ɗanta, ta kafa ƙungiyar Final Salute a 2010 don sama wa irin waɗannan mata wurin zama. Tambayoyin da rayuwar Charity Earley ta ɗora suna nan: wane ilimi mace ta shiga soja da shi, wace hanya aka buɗe mata ta komawa makaranta ko samun jari idan ta fito, kuma shin doka ta bar ta ta zama uwa ba tare da ta rasa aikinta ba.

Shi kansa yabon ba shi da tabbas. Ranar 27 ga watan Afrilu na 2023 aka sauya wa barikin Fort Lee na jihar Virginia suna zuwa Fort Gregg-Adams, don girmama ta tare da Janar Arthur Gregg. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta maido da sunan Fort Lee, wannan karo da sunan Fitz Lee, wani soja baƙar fata na ƙarshen ƙarni na 19. A Dayton kuwa, makarantar ƴan mata ta gwamnati mai suna Charity Adams Earley Girls Academy tana nan da sunanta, haka ma wani zauren taro a kwalejin Sinclair da ta yi wa hidima.